Fiton da Baba Bai Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya koma ga Mahaliccinsa. Surukina nake nufi, mahaifin maigidana, tsohon bakaniken nan na Abakpa. Ya cika da hantsi a ɗakinsa bayan gajeriyar jinya, matarsa Iya tana zaune a bakin gadon tana riƙe da hannunsa.

Ni ina cikin gida wajen mata, ban ga taron waje ba, amma ba abin da ya wuce ni. Tagar kicin ɗina farfajiya take kallo, nan kuma aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Na ji muryoyin yaransa na gareji, mutanen da yanzu kowa da furfurarsa da nasa garejin, daga Kawo, daga Mando, daga Panteka. Wani yana magana kuka na cin ƙarfinsa, yana cewa shi sau ɗaya Baba ya taɓa jan kunnensa, shi ma don ya kunna rediyo ne ana sauraren inji. Na kusa da shi ya ce, "Kai ka ji daɗi, ni rediyon ya ƙwace, sai da na yi aure ya mayar min." Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Tsohuwar nan mai injin markaɗe ta bayan layinmu ta shigo tana jan ƙafa, ta zauna gaban Iya ta ce, "Yanzu wa zai aiko min a ce in canza bel kafin ya tsinke? Daga ɗakinsa fa yake ji."

Sai wata maƙwabciyarmu, matar wani tsohon ma'aikacin gwamnati, ta gyara zama ta ce, "Ni abin da ba zan manta ba, ibadar bawan Allahn nan. Alhajinmu kullum sai ya faɗa. In Baba ya dawo gida ba ya fitowa daga mota, sai ya zauna ya sunkuyar da kai, ido a rufe, yana zikiri. Shekara da shekaru ba fashi." Mata suka ɗauki kabbara. Iya ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni. Wallahi da ƙyar muka riƙe, ga hawaye ga dariya. Baba mai zikiri ne, carbi ba ya barin aljihunsa, amma wancan zaman ba na zikiri ba ne. Injin yake saurare kafin ya kashe. Ba mu gyara mata ba. Allah ya sa shaidarta ta bi shi.

A nan na ce a raina bari in rubuta ɗan abin da na sani, kada jikokinsa ƙanana su tashi su san shi a hoton bango kawai.

Baba da kunne yake aiki. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a kamfanin harhaɗa motoci na tsallaken kogi, daga baya ya buɗe garejinsa, da girma ya zo ya bar wa yaransa ya dawo gida, yana ɗan taɓa na abokan arziki a gindin mangwaron farfajiya. In mutum ya kawo mota ya fara zuba bayani, sai Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yi shiru, ita zan tambaya." Ya sa a tayar, ya zagaya, ya ɗora tafin hannu a jikinta, ya karkatar da kai kamar mai sauraren gulma. Mu kanmu a gida ba mu tsira ba. Fanka, janareto, famfon rijiya, duk sai ya yi musu magana.

Sunana ɗaya da mahaifiyarsa, don haka tun ranar da aka kawo ni bai taɓa faɗar sunan ba, Uwata yake ce min. Ni kuwa irin tarbiyyar da aka yi mana, suruki ba a haɗa ido da shi. In zan gaishe shi daga gefe nake durƙusawa, kai a ƙasa, murya can ciki. Na aurar da 'ya a gidan nan, amma in aka ce in kwatanta Baba, hannunsa zan kwatanta, da baƙin mai ɗin da ya zauna masa a gefen farce ba ya fita ko ranar sallah. Fuskar sai a hoto, sai ta gefe in ya gifta. 'Ya'yana suna min dariya, su da ke hawa cinyarsa suna ja masa gemu. Ni dai ban iya ba.

Amma fa ya san da ni. Ina da keken ɗinki na ƙafa da nake ɗan yi wa yaran unguwa kaya. Duk sanda ya fara wani ɗan kuka, ko ni ban gama lura ba, in na je unguwa na dawo sai in tarar an sa masa mai, an ɗaure abin da ya saki, an goge, an mayar da ƙyallen rufinsa yadda na bari. Bai taɓa cewa shi ne ba. Ni ma ban taɓa godiya da baki ba, sai dai ranar in dama masa kunun gyaɗa mai kauri in aika. A haka muke hirarmu.

To ta keken nan na gane. Wata damina ya fara ƙiƙi-ƙiƙi, na ƙyale shi ina jiran mai gyaran nan nawa. Mako ya wuce, wani ya bi, ba wanda ya taɓa. Sai na fara lura. Wayarsa tana ƙara a aljihu bai ciro ba. Na gaishe shi ya wuce bai amsa ba, mutumin da ko kaza ta yi masa sallama zai amsa. In namiji mai babbar murya ya yi magana a gabansa yana ji, amma duk wata siririyar ƙara ta ɓace masa.

Na samu Iya a ɗaki na faɗa mata. Ta ce, "Yau kika sani? Ni da nake kwana ina maimaita magana?" Sai ta rage murya. "Kada mijinki ya ji tukuna. Kin san alkawarin da ke tsakaninsu."

Na sani kuwa. Baba da bakinsa ya sha ba mu labarin ranar da yake kwance ƙarƙashin wata mota ya ji jak ya yi ɗan ƙara, ya mirgino, motar ta sauka daidai inda kansa yake. Ya kan ce kunne ne ya fitar da shi, da ikon Allah. Maigidana, wanda shi ne babban ɗansa, ya riƙe wannan maganar. Ya taɓa ce masa a gaban kowa, "To Baba, ranar da kunnen ya gaji, ranar za ka ajiye sifana." Baba yana dariya ya ce ya yarda, don a lokacin gani yake ranar ba za ta zo ba.

Ranar ta zo, kuma ta zo a lokacin da bai shirya ba, don ga wata mota a gindin mangwaro.

Auta ne ya jawo ta, ƙanin maigidana, abokin wasana. Ya gano ta a wani gida a Malali, ta shekara da shekaru a ajiye, kaji har ƙwai suke saka wa a ciki. 'Yar mitsitsiya, ƙofa biyu, kujera biyu, a ƙasa take kamar an danne ta. Da aka jawo ta da igiya na leƙa ta taga na ce, "Auta, wannan silifas ɗin fa, ina ɗaya ƙafar?"

Ya ce, "Matar Yaya, za ki roƙe ni in kai ki biki a ciki, in ce ba wuri."

"In shiga ta ina? Ai sai an naɗe ni kamar tabarma."

Injinta ya mutu murus. Auta kuwa ba gyara shi yake so ba. Ya je Panteka ya samo wani injin na wata motar da ta fi ta girma, mai tobo, ya ce shi za a dasa mata. Ni ban san tobo ba sai da ya kawo min shi har ƙofar kicin. Wani ƙarfe ne a nannaɗe kamar dodon koɗi. Ya ce hayaƙin da ke fita shi ke juya shi, shi kuma ya yi ta ɗura wa inji iska, kamar zugazugin maƙera. In iska ta yi yawa wuta ta yi ƙarfi. Na ce to wannan ai ko mai hura gawayi ta sani.

Da farko Baba ƙi ya yi. Ya ce ba zai haɗa wa ɗansa makara da hannunsa ba. Suka kwana biyu ba sa ga maciji... a'a, bari in faɗa yadda yake: Auta yana fushi yana kwana gidan abokai, Baba yana fushi yana zagaya injin da safe in ya ga ba kowa. Ni ina kallo ta taga. Ya ɗaga buhun da aka rufe shi, ya shafa, ya auna da taƙi, ya je ya auna cikin motar, ya girgiza kai, ya dawo ya sake aunawa. Ran nan ya aika aka kira Auta ya ce, "Birki za mu fara. Sai na ga abin da zai tsayar da ita kafin in sa mata abin gudu. In ba ka yarda ba, ɗauki kayanka." Auta ya yarda da gudu.

Daga baya Iya ta gaya min abin da ya ce mata. Wai duk rayuwarsa gyaran abin da wani ya ƙera yake yi, a kamfani ma abin da aka zana aka aiko shi suke ɗaurawa. Wannan ce kaɗai motar da babu irinta, shi zai ce nan za a yanka, nan za a ƙara. Yana so ya yi guda ɗaya tasa kafin ya zauna.

Ai kuwa mun ga aiki. Aka rataya injin da sarƙa a reshen mangwaro, Iya tana faɗa wai za a karya mata reshen da ya fi zaƙi. A sauke shi, ya ƙi zama, a ɗaga. A sauke, ya taɓa sandar sitiyari, a ɗaga. Aka kira mai walda ya yanke ƙafafun da tsohon injin ke zama a kai, Baba ya yanka kwali ya fitar da siffar sababbi, aka ƙera su da ƙarfe mai kauri. Aka matsar da lagireto, mai sanyaya ruwan inji, gaba, aka samar wa wani ƙarami wuri a bayan bamba, wai shi ke sanyaya iskar da tobo ya matso. Salansa ma sabuwa aka lanƙwasa. Da aka zo kan wayoyi da 'yar akwatin da suke kira ƙwaƙwalwa, Baba ya ja kujera ya zauna ya ce, "Wannan ban san yarenta ba. Auta, naka ne." Auta ya jona kwamfutarsa yana ta danne-danne, Baba na gefe yana kallo kamar ɗan makaranta. Ban taɓa ganin sun zauna kusa da juna haka ba.

Duk wannan da rana ake yi, maigidan yana ofis. In ya dawo ya ga ana ci gaba, ya yi musu sannu ya wuce. Iya kuwa ita ta sa aka jera kututture da tsofaffin ƙafafun mota a ƙarƙashi, ko da jak zai yi halinsa.

Ranar da injin ya fara tashi, gidan nan har kwanuka sai da suka amsa. Baba ya ɗora hannu a jikin motar ya daɗe. Ta hannu yana jin rugugin, amma na ga yana karkatar da kai, ya juya wannan kunnen, ya juya wancan. Sai ya tako ya tsaya kusa da tagar kicin, ya ba ni baya, ya ƙwala wa Iya kira.

"Tambayar min uwata. In yaron nan ya taka totur, me take ji?"

Auta ya ce, "Baba, ga ni a nan, ni ba ni da kunne ne?"

"Naka waƙa ta cinye. Kuma kai ko kukan akuya take yi cewa za ka yi lafiya lau, don ka ƙagu ka hau."

Ashe duk shekarun nan ya san ina da kunne. Ya san ni ke fara cewa ga ruwa nan tafe, ni ke gane wanda ya shigo daga takunsa. Na ji kunya kamar in nutse. Auta ya taka, na saurara, na ce wa Iya a hankali, "Akwai wani abu a ƙarƙashin ƙarar, kamar an yayyafa ruwa a kaskon masa."

Iya ta ɗaga murya, "Ta ce masa!"

Baba ya ce, "Masa kuma? Wa ya ce yunwa yake ji?"

"Kasko! Ruwa a kasko mai zafi! Tsss!"

Sai Baba ya ce, "Iska ce ke zurarewa. Auta, kaɗa ruwan sabulu ka bi tiyon nan gaba ɗaya." Suka bi, sai ga kumfa tana tashi a wata mahaɗa. Ni ban san me na ji ba, shi ya san ma'anarsa. Daga ranar muka zama mu uku mutum ɗaya: ni kunne, Iya baki, Baba kai. In ce kamar ana tankaɗe, Iya ta ce wai gari, Baba ya ce bel. In ce kamar cokali a kofi, Iya ta ce wai shayi, Baba ya ce wani ƙarfe na taɓa wani. Auta yana ta dariya har da riƙe ciki, yana ce min injiniyar kicin.

Asirin ya tonu ne wata ranar da aka tashi su maigidan da wuri. Ya shigo ya tarar da ƙafafun Baba a waje, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, ya matso, ya sake. Shiru. Yana tsaye a kansa. Sai ga Iya ta fito daga wajena tana ihu, "Ta ce kamar ana jan kujera!" Ta gan shi ta tsaya cak.

Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya jira Baba ya fito, ya durƙusa a gabansa da kayan ofis a jikinsa, ya ce da ƙarfi yadda zai ji, "Baba, kai ka yi alkawari."

Baba ya ce, "Saura kaɗan."

"Ranar da jak ɗin can ya sauka ma ai saura kaɗan ne. Da me za ka ji shi yanzu?"

"Malam Ma'aikaci, ni za ka koya wa shiga ƙarƙashin mota? Kai da ko fulogi ba ka taɓa kwancewa ba?"

"Ban iya ba, Baba. Amma ni za a kira in ɗaga ta daga kanka."

Baba ya jefar da sifanar hannunsa ya shige ɗaki. Aka ja tamfol aka rufe motar. Ranar na aika tuwo ya dawo yadda na aika. Washegari ma haka. Gidan ya yi tsit, ni da nake ƙorafin ƙara sai ga ni ina neman ta. Baba ya koma zama a ƙofar ɗaki, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin da suke yi. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba. Maigidan shi ma ba ya cin abincin kirki. Da ya tambaye ni tun yaushe na sani, na gaya masa. Ya ce, "Ke ma?" Na ce, "Ni ma. Gaskiyarka ce, ina tsoro kamar yadda kake tsoro. Amma dubi yadda ya koma."

Ranar Asabar da safe na ga yana binciken ƙasan akwati. Ya ciro wani tsohon wando da rigar da ya daina sawa, ya saka, ya fita ya yaye tamfol ɗin da kansa. Ya je ƙofar Baba ya durƙusa ya ce, "Ni zan shiga ƙarƙashin. Kai ka zauna a kujera ka faɗa min abin da zan ɗaure. In an gama wannan, shi ke nan."

Baba ya dube shi ya daɗe. Ya ce, "Ka san hagu da dama a sifana?"

"Za ka koya min."

Auta ya ce, "Yaya, a kawo maka fayil ka shimfiɗa?"

"Za ka ci gidanku," in ji maigidan, yana cusa tumbinsa ƙarƙashin mota.

Da azahar Baba ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran tuwon jiya.

Haka aka ƙarasa ta, Asabar bayan Asabar. Mutumin da tun yana yaro ya gudu daga gareji ya riƙe boko, ga shi yana fitowa fuska duk baƙin mai, uban yana masa faɗa wai ya ɗaure da yawa, yana cewa to Baba. Amma Baba ya ƙara sharaɗi ɗaya. Ya ce ba zai ce an gama ba sai an hau titi an tabbatar ta yi fito. Wai inji mai tobo in lafiyarsa ƙalau, in ya ɗauki gudu akwai wani siririn fito da yake yi, mai tsabta, ba karkarwa, in an ɗaga ƙafa kuma ya yi atishawa. A tsaye a gida ba ya yi sosai, sai yana jan nauyi. Ya san shi tun zamanin da yake gyaran manyan motoci. Shi ne sa hannun aikin. Kuma shi ne irin ƙarar da kunnensa ya daina kamawa.

Kujera biyu ce a motar. Ba wurin Iya.

Ina kicin na ji Baba ya ce wa maigidan, "Ara min uwata, mu je Rigachikun mu dawo." Na ce wa Iya ni wallahi ba zan iya ba, a tafi da Auta. Ta ce, "Ai kin ji abin da ya ce kan kunnen Auta. Ubanki ne, tashi ki sa hijabi." Maigidan ya leƙo yana murmushi ya ce, "Muna bayanku, ni da Iya da Auta."

Auta ya buɗe min ƙofa har da rusunawa. "Matar Yaya, a naɗe ki ne ko za ki iya?" Ban ko iya rama ba.

An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, titi a wanke. Zama a motar nan kamar kana zaune a ƙasa ana jan ka. Na takure jikin ƙofa, na kafa ido a kan yatsun ƙafata. Baba yana tuƙi a hankali har muka wuce Kawo. Da muka fita cunkoso hanya ta buɗe, ya yi magana yana kallon gaba.

"Uwata, in kin ji kamar tsakuwa a gwangwani, ki buga nan da hannu in ɗaga ƙafa, wannan ɓarna ce. In babu, ki bar na ƙasa, ki saurari na sama."

Ya yi bismilla ya taka.

Wani abu ya manna ni da kujera. Na rufe ido ina salati a zuci, amma kunnena a buɗe. Babu tsakuwa. Rugugin yana nan a ƙasa, sumul. Sai can a samansa wani abu ya taso, siriri kamar zare, yana hawa, yana hawa, bai karye ba, bai yi rawa ba. Da ya ɗaga ƙafa zai canza giya, sai motar ta yi fishsh, atishawa sak irin ta jariri. Ya sake takawa, zaren ya sake tashi. Ban san sanda na fara murmushi ba.

Gab da Rigachikun ya gangara gefen hanya kusa da wata gonar masara ya tsaya. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"To?"

Kaina a ƙasa na ce, "Ta yi, Baba."

"Uwata?"

Na ƙara murya kaɗan. "Ta yi fito."

Sai ya ce, a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ban ji ki ba. In ba na ganin bakin mutum ba na ji. Ki yi haƙuri ki ɗago."

Na ji motar su maigidan ta tsaya a bayanmu, na ji an buɗe ƙofa. In na jira, Iya za ta zo ta yi masa ihu, a wuce wurin. Amma ba ihun Iya ya tuƙo tun daga Abakpa ya zo ji ba.

Na ɗago.

Ashe yana da tabo a gira. Ashe idanunsa irin na ƙaramar 'yata ne, manya, masu ruwa-ruwa. Yana kallon bakina kamar yaron da ke jiran a ce ya ci jarrabawa. Na ce, "Ta yi." Ya gyaɗa kai, amma bai sake ni ba.

"Yaya ta yi?"

Na nemi abin kwatance a duk kicin ɗina na rasa. Ba kasko, ba cokali, ba rariya. Mu kuwa tun muna yara ake buge mana baki in mun yi fito, a ce ba kyau, balle mace, balle matar aure, balle a gaban suruki. Na tsuke baki na yi masa. Na fara daga ƙasa na ja shi sama, ina ɗaga yatsa yana bin sautin, har inda numfashina ya ƙare, sannan na saki na ce fishsh.

Bai ji ko ɗaya ba, na sani. Bakina da yatsana yake bi. Ya ce, "Bai karye a tsakiya ba?" Na girgiza kai. Ya ce, "Sake."

Na sake. Daidai nan Iya ta iso taga, ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu, fito? A gaban surukinki?" Auta ya zauna a ƙasa don dariya. Baba kuwa ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa suna rawa, ban san dariya ce ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Da ya ɗago ya share ido da bayan hannu, ya zare makullin ya miƙa wa Auta ta taga. Ya dubi babban ɗansa ya ce, "An gama."

Bai sake shiga ƙarƙashin mota ba har ya bar duniya. Ni kuma daga ranar, in zan gaishe shi, a gabansa nake durƙusawa in ɗago kai, don ya ga gaisuwar. Ba mu daɗe a haka ba, amma mun samu abin da muka samu. Yanzu in na idar da salla na ɗaga hannu, akwai fuskar da nake gani.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Iya haƙuri, ya haɗa kan 'ya'yansa. Ya Ubangiji, ka mayar masa da jinsa a inda ya je, ka jiyar da shi abin da kunne bai taɓa ji ba. Amin.